JIRGIN ƘASA ZUWA SAKKWATO: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA



Duk lokacin da aka nuno hotunan aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, sai tsohon miki ya tashi a ƙasar Sakkwato. A majalisun shayi, a tashar mota, a rumfunan kasuwar Achida, tambayar ɗaya ce: mu mi munka yi? Jirgi zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ya tsallaka iyaka ya shiga Nijar, amma Cibiyar Daular Usmaniyya ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa mata ba.

A cikin gidanmu na siyasa ma kai ya rabu. Wasu na cewa a matsa wa ciyamomin Rabah, Wurno da Goronyo lamba su ware kuɗi masu kauri a kasafin baɗi da sunan aikin jirgi, don duniya ta ga da gaske muke. Wasu kuma na cewa a bar wagga magana, mafarki ce. Wani dattijo ya ce mana: "Mutumin da bai iya kwana ɗakinai don tsoron ɓarayin daji, ina ruwanai da jirgin ƙasa?"

Mun saurari kowa, kuma kowa na da ƙamshin gaskiya. Amma matsayin wannan shafi shi ne: ƙananan hukumominmu uku su goyi bayan kawo layin dogo, su fara aiki a kai tun yanzu, amma da abin da doka ta ba su iko a kai kuma aljihunsu zai iya ɗauka, ba tare da an taɓa albashin malamin firamare ko maganin asibitin ƙauye ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mana hukunci.

Inda jirgin ya tsaya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Bayan nan Turawa suka fitar da reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. A nan ya tsaya, kuma a nan yake tsaye har yau, shekara kusan ɗari ke nan. Bature bai shimfiɗa dogo don ƙaunar kowa ba, gyaɗa da auduga da ƙiraga yake nema, inda ya ga kaya sun ishe shi sai ya ja birki. Fatun jan akuyar Sakkwato da duniya ta sani, a bayan jaki da raƙumi, daga baya a mota, ake kai su tashar Gusau ko ta Ƙaura.

Ku dubi abin da wannan ya haifar. Gusau da Funtuwa sun bunƙasa ne saboda tasha: kamfanoni suka kafa kantuna, injinan gurzar auduga suka zo, baƙi suka zauna. Garuruwanmu masu tarihi, Wurno da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi kuma yake kwance a cikinta, da Rabah mahaifar Sardauna, aka bar su suna aika kaya suna kallon wasu na cin riba. Ko a zamanin da Sa Ahmadu Bello ke Firimiyan Jihar Arewa, sabon layin da aka yi ya nufi gabas ne, ya isa Maiduguri a 1964. Ɗan Rabah ne ke riƙe da Arewa, amma bai karkato komai zuwa ƙofar gidansu ba. Da aka yanki Zamfara a 1996, tashoshin Gusau da Ƙaura suka tafi da ita, Jihar Sakkwato ta wayi gari ba ta da ko taku ɗaya na titin jirgi.

Maganar ƙarasa layin ba sabuwa ba ce. A zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya ta saka layin Zariya, Ƙauran Namoda, Sakkwato, Illela zuwa Birnin Ƙonni cikin jerin sabbin layukan da za a yi nazarinsu. A watan Oktoban 2024 kuma aka ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Illela, mai tsawon kilomita 1,068, aka ce an bar wa layin dogo wuri a tsakiyarta. Wato maganar na nan a takarda, tana barci tana farkawa. Ranar da za ta farka da gaske, tambayar da ta shafe mu ita ce ta gaba.

Ta ina zai bi?

Wannan ita ce tambayar da masu ihu da masu cewa a bari duk suka tsallake, alhali a nan ribarmu ko asararmu take. Hanyar Badagry ta tashi daga Illela ta nufi Kebbi, ba ta waiwayo Rabah, Wurno ko Goronyo ba. In jirginta ya zo, sai mun yi tattaki mu tarbe shi. Layin da zai iya taka ƙasarmu shi ne na Ƙaura, kuma shi ma ba tabbas.

Duk wanda ya san ƙasa ya san ana iya isa Sakkwato daga Zamfara ta fuska fiye da ɗaya. Ana iya tashi daga Gusau a bi gefen babban titi ta Talatar Mafara da Tureta a shiga birni ta Dange Shuni. Ana iya tashi daga Ƙaura a bi ta Shinkafi, Isa, Marnona da Achida. Ana kuma iya bin kwarin Gulbin Sakkwato ta Bakura, Gandi da Rabah. In aka ɗauki ta farko, jirgi zai shiga Sakkwato, a yi biki, a yanka ƙyalle, mu kuma mu koma gidan jiya: muna loda albasa a mota muna kai wa tashar wasu, kamar yadda kakanninmu suka yi ta kai fata Gusau.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, hanyar Mafara da Tureta abokiyar takara ce mai ƙarfi. Tana bin babban titi, tana kusa da noman Bakolori, kuma masu ita ba barci suke ba. Injiniyoyi da masu ba da bashi ba sa zaɓen hanya da kirarin tarihi. Abu uku suke dubawa: nawa za a kashe, wane kaya jirgin zai samu ya ɗauka, kuma wace rigima za a tarar a kan filaye. Biyu daga cikin ukun nan, kaya da filaye, ƙaramar hukuma na da abin cewa a kansu. Shi ya sa muke cewa aikin na yanzu ne. Ranar da 'yan safiyo suka kafa turaku a wata hanya, duk abin da za mu yi ihu ne bayan hari.

Lissafin kuɗi

Yanzu ga amsarmu ga 'yan uwa masu cewa a zuba kuɗi. An sa hannu a kwangilar layin Kano zuwa Maraɗi da kamfanin Mota-Engil a watan Janairun 2021 a kan kusan dala biliyan 1.96. Babban layin kilomita 284 ne, ga kuma reshen da ya tafi Dutse. In ka raba kuɗin da tsawon aikin duka, kowace kilomita na cin kusan dala miliyan 5. In aka lissafa dala a kan naira 1,500, naira biliyan 7 da rabi ke nan a kilomita ɗaya tak. Kilomita biyu sun isa su lashe kason shekara guda cur na kowace daga cikin ƙananan hukumominmu, ba a biya ko masinja ba.

Ko Jihar Legas, wadda ta fi kowace jiha kuɗin shiga a ƙasar nan, sai da ta shafe sama da shekara goma kafin zangon farko na jirginta na Blue Line, kilomita 13 kacal daga Marina zuwa Mile 2, ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumban 2023. To ina Rabah ina wannan kaya?

Ta fuskar doka ma haka abin yake. Gyaran kundin tsarin mulki da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya cire harkar jirgin ƙasa daga hannun Tarayya ita kaɗai, ya ba jihohi damar shiga. Jihohi aka ce, ba ƙananan hukumomi ba. Saboda haka duk ciyaman ɗin da ya rubuta ɗaruruwan miliyoyi a kasafi da sunan gina layin dogo, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya buɗe wata ƙofa ce da kuɗin za su bi su ɓace. Ko ɗan gidanmu ne ya yi haka, za mu faɗa a wannan shafi.

Ku kuma duba nauyin da ke kan waɗannan hukumomi. Ƙananan hukumomi 774 ne ke raba kashi 20.6 cikin ɗari na asusun Tarayya. Gaskiya ne kason ya ƙaru a takarda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, amma buhun siminti, litar gas da kwalin magani su ma sun yi tashin gwauron zabi. Ga mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Ga 'yan gudun hijira da suka cika makarantu da gidajen dangi. Ga ajujuwan da iska ta kwashe wa rufi. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shi ma aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. A wanga hali, wanda ya ce a ɗebi kuɗin alli da allura a kai wa jirgin da ba a ma zana hanyarsa ba, bai yi wa talaka adalci ba.

Me ya sa ba za mu haƙura ba?

Ga kuma amsarmu ga masu cewa a bari. Ku tambayi duk manomin albasa ko tafarnuwa a fadamar Wurno ko ƙasan dam ɗin Goronyo: wa ke cin guminsa? Zai ce maka hanya. Daga nan zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Kuɗin mota, kuɗin gas, shingen kan hanya da ba su ƙirguwa, kowane da hannu a miƙe, duk daga farashin da ake ba manomi a bakin gona ake zabge su. Wani ɗan uwanmu ya taɓa haɗa kuɗi da maƙwabtansa suka yi lodin tirela guda ta albasa. Motar ta lalace a hanya, ta kwana huɗu a rana. Da aka isa, abin da aka tsinta bai biya kuɗin mota ba. Noman rani guda ya tafi a haka, kuma kowa a cikinku ya san mai irin wannan labari.

Gwamnati ta kashe dukiya mai yawa a dam ɗin Goronyo, wanda aka gina don ya riƙe ruwa mita miliyan 942 a ma'aunin murabba'i mai zurfi, ga aikin noman rani na tsakiyar kwarin Rima, ga na Wurno da ke shan ruwan Lugu. An ba mu ruwa, an ba mu ƙasa, amma ba a ba mu hanya mai sauƙi ta fitar da abin da muka noma ba. Jirgi mai tarago 20, in kowane tarago ya ɗauki lodin tirela ɗaya, ya kwashe tirela 20 daga kan titi a tafiya guda, da direba ɗaya, ba shinge, ba tayar da za ta fashe. In ya juyo kuma ya kawo taki, gishiri da man fetur a farashin da ya fi na mota sauƙi. Dabbobin kasuwar Achida da ke ramewa a tsaye cikin mota kwana da kwanaki su ma su huta.

Ba za mu yaudare ku ba: albasa kaɗai ba ta riƙe layin dogo, don kayan lokaci ce. Abin da zai sa lissafin ya tsaya shi ne a haɗa ta da simintin Kalambaina, da shinkafa, da dabbobi, da cinikin iyakar Illela da Ƙonni, sannan a haɗe da tashar tsandauri ta Funtuwa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma sai an tattara ta a rubuce. Yau in wani jami'i daga Abuja ya tambayi sakatariyar Goronyo tirela nawa ke fita da albasa a wata, wa zai ba shi amsa da takarda?

Abin da ciyamominmu za su iya yi

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa, ya kuma ba ta damar miƙa wa jiha shawara kan tsarin tattalin arziki. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. A cikin wannan da'ira muke kira a yi aiki, kuma ga abin da muke nema.

Na farko, a ƙirga kaya. Masu yankan rasit na nan a kowace kasuwa da tasha, ana biyansu. A ba su littafi su riƙa rubuta mota nawa ta fita, me ta ɗauka, ina ta nufa, na tsawon shekara guda, rani da damina. A haɗa kai da ƙungiyoyin 'yan albasa, 'yan shinkafa, dillalan dabbobi da direbobi. Kuɗin wannan aiki bai kai na walimar rantsar da kansiloli ba. Ƙari a kan haka, littafin zai tona inda kuɗin shigar kasuwa ke zurarewa, wanda shi kansa riba ce ga baitulmali.

Na biyu, a yi magana da murya ɗaya. Majalisun kansilolin Rabah, Wurno da Goronyo su zauna su zartar da ƙuduri iri ɗaya, su jawo Isa da Sabon Birni, Gada, Gwadabawa da Illela, su miƙa wa Gwamnatin Jiha, Majalisar Dokokin Jiha, 'yan majalisunmu na Tarayya da Hukumar Raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024. Kuma mu ja kunnen kanmu: in Rabah ta dage sai ta Gandi, Wurno ta dage sai ta Marnona, Goronyo ta ce sai an shigo cikin gari, to mun ba Tureta kyauta. A bar masana su faɗi wadda ta fi sauƙi a cikin hanyoyin gabas, kowa ya mara mata baya. Tasha a nisan rabin awa daga gidanka ta fi tasha a wata shiyya.

Na uku, a tsare filaye, a kuma tsare masu filaye. Ƙaramar hukuma tare da iyayen ƙasa da masu unguwanni su fara rubuta wa ke da wace gona, ina burtali ya bi, ina maƙabarta, ina mashaya. Dokar ƙasa ta fi ba da diyya a kan abin da ke bisa fili, wato shuka, itatuwa da gini, don haka manomin da ba shi da shaida shi ake fara cuta. Dattawanmu ba su manta da Bakolori ba, inda rikicin diyyar gonaki ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Rajistar gonaki ko jirgi bai zo ba tana da amfani, don za ta rage shari'ar iyaka da faɗan manomi da makiyayi.

Na huɗu, kuɗin ayyuka da ake da su a karkata su inda za su yi aiki biyu. Hanyar da ta haɗa fadama da bakin titi, kwalbatin da ke yankewa duk damina, rumbun ajiyar albasa na zamani da zai maye gurbin rudu, wurin lodi mai inuwa a kasuwa: waɗannan aikin ƙaramar hukuma ne tun asali, manomi zai amfana da su gobe da safe, kuma su ne za su ciyar da tasha ranar da ta zo. Ku tuna jirgin cikin birnin Abuja. An ƙaddamar da shi a 2018, amma tashoshi da yawa ba hanyar da ta kai gare su, ya tsaya a 2020, sai da aka yi hanyoyin shiga aka sake buɗe shi a watan Mayun 2024. In babban birnin ƙasa ya yi wannan kuskure, mu da muka gani ba mu da uzuri.

Na biyar, a yi komai a fili. Duk naira da aka ware don waɗannan ayyuka a manna ta a allon sakatariya, a karanta a zaman majalisa. Ba ma son jin an kafa kwamitin jirgin ƙasa mai mutum 40 da alawus ɗin zama da ziyarar ƙaro ilimi a ƙasar waje. Mutum biyar masu amana da littafi sun isa.

Maganar tsaro

Ba mu manta da maganar dattijon nan ba, don ita ce mafi nauyi. Mu ne muka binne mutanenmu bayan harin Tabanni a yankin Gandi a 2018. Mu ne muka ga abin da ya faru a kasuwar Goronyo ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021. Mun san yadda hanyar Marnona zuwa Isa ta dajin Gundumi ta zama abin tsoro. Mun kuma san jirgi ba ya hana hari: ranar 28 ga Maris na 2022 an tare jirgin Abuja zuwa Kaduna, an kashe mutane, an sace wasu, zirga-zirga ta tsaya sai a watan Disamba. Duk wanda ya ce maka dogo maganin ɓarayin daji ne, ya faɗi son ransa.

Amma a juya maganar a gani. In muka yi shiru, rashin tsaron nan shi ne hujjar da za a kafa a kauce wa yankinmu, kuma hanyar jirgi in an shimfiɗa ta, ta shimfiɗu ke nan har jikoki. Ƙaura ta shaida haka tun 1929. Ashe ɓarayi sun cuce mu sau biyu ke nan: sun hana mu noma yau, sun kuma hana jikokinmu tasha gobe. Dajin da gwamnati ba ta da dukiya a cikinsa, ba ta cika damuwa da wanda ke kwana a ciki ba. Don haka neman tsaro da neman layin dogo tafiya ɗaya ce. Tsaro ne gaba, ba jayayya, kuma kasafin ƙaramar hukuma ya nuna haka. Littafin ƙirga motoci da takardar ƙuduri ba za su rage ko lita ɗaya daga man motar sintiri ba.

Akwai kuma masu cewa ai duk bashi ne, ƙasa ta riga ta yi wuya. Gaskiya ne yawancin sabbin layukan nan da rance aka yi su. Amma rancen da aka ci aka yi Abuja zuwa Kaduna, Legas zuwa Ibadan, da wanda ake yi wa Kano zuwa Maraɗi, da harajin ɗan Rabah ake biyansa kamar na kowa. Tunda da mu ake biya, ba roƙo muke ba in mun ce a sa mu a layi.

Kalma ga 'yan gidanmu

A ƙarshe, mu waiwayo gida. Mun san halin siyasarmu. Da an ji ƙishin-ƙishin hanya za ta bi wani wuri, sai ka ga masu hannu da shuni sun bazama ƙauyuka suna sayen gonakin talakawa da arha, su jira diyya. Muna faɗa tun yanzu: duk wanda ya yi haka, ko da tutarmu yake yawo, ba da yawunmu ba. 'Yan uwa manoma, kada wanda ya sayar da gonarsa saboda jita-jita. Babu turaku a ƙasa tukuna, kuma ranar da aka kafa su, gara a tarar da sunanka a rajista.

Haka kuma kada mu mayar da wagga magana sandar dukan abokan hamayya. Jirgi ba ya tambayar katin jam'iyya kafin ya ɗauki buhu. Ciyaman ɗin da ya fara wannan aiki, namu ne ko ba namu ba, za mu yaba masa da sunansa. Wanda ya yi biris kuma za mu tuna masa lokacin da ya dawo neman ƙuri'a. Masu neman takara a cikinmu su ma su daina yi wa jama'a alkawarin za su kawo jirgi cikin shekara biyu. Ba ku iyawa, kun sani, mun sani. Ku yi alkawarin abin da ke hannunku.

Ga aikin da muke ba kowane mai karatu a wannan mako. Ka nemi kansilan mazaɓarka, cikin ladabi, ka yi masa tambaya uku: Ranka ya daɗe, shin majalisarku ta taɓa tattauna hanyar da layin Ƙaura zai bi? Akwai mai rubuta yawan motocin kaya da ke fita daga kasuwarmu? A kasafin baɗi, nawa aka ware wa hanyoyin fadama da rumbunan ajiya? Duk amsar da ya ba ka, ka riƙe ta, ka gaya wa na kusa da kai. Matasanmu da suka karanta aikin injiniya, safiyo da tsarin birane, masu zaune ba aiki da masu aiki a birane, ku ba da gudummawar iliminku, a rubuta takardar nan da hannun 'ya'yan yankin.

Wataƙila da yawa daga cikinmu ba za mu ga ranar da jirgi zai yi kuwwa a tsakanin Achida da Rabah ba. Waɗanda suka dasa itatuwan da muke hutawa a ƙarƙashinsu a bakin kasuwa su ma ba duka suka sha inuwarsu ba. Abin da ke wuyanmu shi ne kada a zo rabon hanya a tarar ba mu da takarda, ba mu da murya, ba mu da shiri.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta ɓarayin daji, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. A tura wa 'yan uwa, musamman kansiloli da iyayen ƙasa.